Shafi Talatin da Taswira Ɗaya

Asabar, 1 ga Muharram 1396, bayan la'asar

Sabuwar shekara, ni kuwa da ciwon kai na shige ta. Da baƙin Turawa, wato boko, nake wannan rubutu, don Othman Larabci kaɗai yake karantawa, kuma yau ba na son mijina ya san abin da nake faɗi a kansa.

Abu ɗaya tal na sa shi ranar Talatar da ta wuce. Na ce ya buɗe ambulan ya ciri takardun shaidata guda biyu na jami'ar Hartum, ya kai wa Ubale a bugo musu hatimi. Ubale shi ne mu'aƙƙibin unguwarmu ta nan bayan tsohon gari, Balad, mai zagaya ofisoshi da takardun mutane, tunda mace ba ta shiga ofis. Sai bawan Allahn nan ya miƙa masa ambulan ɗin ɗungurungum. Fom ɗin gidauniyar Ingila na ciki, wadda za ta ɗauki kuɗin karatu da masauki na shekara uku in har an ɗauke ni digirin dakta a ilimin zamantakewa. Shafi talatin da suka nema don su ga irin aikina, su ma suna ciki: hirata da tsofaffin matan unguwar nan su goma sha biyu, yadda suka taho a ƙasa daga gida zuwa aikin Hajji da yadda suka zauna. Har da abin da ba a faɗa wa baƙo, wato wace ce ba ta da iƙama, takardar izinin zama, wace ce kuma ke riƙe da takardar wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Ma'alesh ya Ustaza, yi haƙuri, ai Ubale ɗan gida ne. Kuma Turanci ne, ina ruwansa da shi?" Sakarci ne ko wayo ne, ban sani ba tukuna.

Sai komai ya isa hannun gidauniyar kafin ƙarshen Janairu. In ban kai gidan waya ranar sha tara ga watan nan ba, zance ya ƙare.

Litinin, 3 ga wata, da safe

Na sa Othman ya biya ta wajen Ubale kafin ya wuce Abhur, gidan da yake tuƙi. Ya dawo ya leƙo ta taga ya ce wai bukura, wato gobe, insha Allah. Bukurar Ubale ta fi shekarar wani tsawo.

Talata, 4 ga wata, azahar

Na dawo daga makarantar 'yan matan da nake koyarwa na tarar da lungu tsit. Tiren gyaɗa a kife a ƙofar gidan Bashira, awaki na tsinta. Motar jawazat, 'yan shige da fice, ce ta zo da hantsi. Ita kaɗai suka ɗauka. Shekara talatin da ɗaya tana suyar gyaɗa a ƙofar nan, an ce ko takalmi ba a bar ta ta shiga ta ɗauko ba.

Kowace shekara bayan aikin Hajji motar nan takan zagayo ta kwashi waɗanda suka ƙi komawa gida. Wannan kowa ya sani. Amma kwasa take yi, ta tare bakin lungu sai ta cika cikinta. Ban taɓa ji ta zo gida ɗaya ta ɗauki mace ɗaya ta juya ba.

Bashira tana cikin mata goma sha biyun nan.

Talata, magariba

Ban iya cin abinci ba.

Laraba, 5 ga wata, bayan azahar

Bari in yi tunani irin na mai ilimi, tunda wai shi nake nema.

Babu sunan kowa a cikin aikin. Haka malaminmu na Hartum ya koya mana: ki canza suna, ki kare mai ba ki labari. Ni ban ma tsaya nan ba, kowacce na tambaye ta sunan da take so in rufe ta da shi, ta zaɓa da bakinta. Bashira ta ce in sa Dela. Ko wa ya karanta, Dela zai gani, kuma babu Dela a lungun nan.

To amma akwai abin da ban rubuta ranar Asabar ba. A bayan shafi na talatin na maƙala taswirar unguwa, na zana da hannuna, na sa wa gidajen lamba daga ɗaya zuwa goma sha biyu. Na yi ne don Turawan su ga ba tatsuniya nake ba, na taka na shiga. Har itaciyar bakin masallaci na sa. Taswira kuwa ba ta buƙatar Turanci.

Gidan Bashira shi ne na huɗu.

Juma'a, 7 ga wata, bayan an sauko

Othman ya ci shinkafa da kifi faranti biyu kamar babu abin da ke faruwa a duniya. Na zauna ina kallon bakinsa. Mutumin nan tun da na fara zancen Ingila bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa cewa to ba. Ba zan tafi babu muharrami ba, shi ke nan muharramin, ga shi kafilinsa, mai gidan da yake wa tuƙi, na ji da shi, har sabuwar mota aka ba shi ya riƙa jan iyalin gidan. Wane ne zai bar wannan ya tafi ya zauna cikin sanyi yana jiran mata ta taso daga aji?

Na ce, "Da gangan ka ba shi duka?"

Ya ajiye cokali. "Haram alaiki, Mastura. Ni na ce miki ba zan je ba?"

"Ba ka ce za ka je ba."

"Wallahi sauri nake, mai gida na jirana. Halas, na yi kuskure. Ki yanka ni ki huta."

Idonsa ya yi ja. Ko dai yana da gaskiya, ko dai shekara shida ina zaune da gwanin da ban sani ba. Zato zunubi, na sani. Na dai ƙirga sau nawa ya ce wallahi, sau biyar.

Lahadi, 9 ga wata, la'asar

Sun kama Fatsuma mai turare. A kasuwar Bab Makka, tare da mata kusan ashirin, an ce har da 'yan Yaman da Habasha. Kwasa ce irin ta kowace shekara, ba zuwa gida aka yi ba.

Sai na ji wani sanyi a raina, sannan na ji kunyar sanyin. An tafi da tsohuwa mai ciwon gwiwa, ni kuwa ina murna ba a ƙofarta aka kama ta ba.

Gidanta na bakwai ne.

Litinin, 10 ga wata, kusan buɗa baki

Azumin Ashura. Na fita sayen burodin tamis, mata huɗu na tsaye wajen mai gashi suna hira. Da na iso hirar ta mutu. Sauda maƙwabciyata, wadda ba ta iya riƙe magana ko da ta kwana ɗaya, ta kalli sama ta ce, "Ya Sattar. Allah dai ya tsare mu da alƙalamin masu ilimi." Babu wadda ta ce amin, babu wadda ta ce mata kul.

Wa ya gaya musu ambulan ya fita daga hannuna? Ni ban faɗa ba. Mu uku muka sani.

Laraba, 12 ga wata, hantsi

Ambulan ya dawo, kwanansa goma sha biyar a waje. Hatimi ya hau takardun shaida, ras da shi.

Na kulle ɗaki na baje shafukan a kan gado. Shafi na sha ɗaya ya koma bayan na sha uku. Akwai zagayen gindin kofin shayi a shafi na shida, ni kuwa ba na shan shayi kusa da takarda. Allurar da na maƙale su da ita ba ita ce ba, tawa ta fi wannan tsawo.

Babu taswirar.

Na zazzage ambulan, na yage shi na duba lungunsa. Na kwashe littattafai, na ɗaga katifa, na duba har cikin akwatin na'urar buga rubutu. Tun ɗazu nake tambayar kaina ko na sa ta ciki da gaske. Ina ganin hannuna yana maƙala ta. Amma ina kuma ganin hannuna yana cire ta don in gyara lambar gida na takwas. Na mayar? Ban mayar ba? Rashin sani ya fi dare duhu.

Alhamis, 13 ga wata, bayan la'asar

Na sa an kira mini Ubale. Ya tsaya a ƙofa, ni ina bayan labule, Othman na tsakaninmu kamar ƙyaure. Ta gefen labulen na hango sabon agogo a hannunsa, mai ruwan zinariya.

Na ce, "Malam Ubale, akwai takarda ɗaya mai zane. Ba ta dawo ba."

"Zane? Wallahi ya Ustaza ban ga zane ba. Yadda aka ba ni haka na kai maktabin tarjama, ofishin fassara, su suka ware na hatimi."

"Kwana nawa ya yi a can?"

"Ya'ani... mako, ko ya fi. Mai tarjamar ya tafi Ɗa'if biki."

"A hannun wa ya kwana?"

"A kan tebur, mana. Wa zai taɓa? Ustaza, ni shekara ashirin ina riƙe asirin unguwar nan. Da ni mai magana ne, da rabin lungun nan suna cikin jirgin ruwa."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Mutumin da ya san wannan duka, yana kuma shan shayi da masu kakin nan kullum a bakin ofis, me zai yi da taswirata? Ba ya buƙatarta. To ko dai yana buƙatar a ce daga wajena abin ya fito?

Da ya tafi Othman ya ce agogon wani alhaji ɗan Kano ne ya ba shi tukuici. Ban tambaye shi zancen agogo ba. Ta yaya ya san shi nake kallo?

Juma'a, 14 ga wata

Motar ba ta zo ba. Duk ƙarar da na ji a bakin lungu sai na leƙa.

Asabar, 15 ga wata, bayan magariba

Na yanke shawara, ba zan aika ba. Abin da ya yi kwana goma sha biyar a kan teburin wani ya isa haka, ba zan ƙara sa shi a jirgi ya bi ta hannun da ban sani ba. Ba tare da shafukan nan ba kuwa fom ɗin fanko ne, ba za su ko duba shi ba. Shekarata talatin da huɗu, gidauniyar ba ta karɓar wanda ya kai talatin da biyar. Ba sai an fassara mini ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye wa littafina ba. Tun ina yarinya a Wad Madani nake son a kira ni da abin da na sha wahala na samu. Gobe zan je in faɗa wa Inna Zakiya, tunda ita ce babbarsu, ita ta fara buɗe mini ƙofa sauran suka bi. A gabanta zan ƙona, ta shaida.

Lahadi, 16 ga wata, bayan la'asar

Sai na rubuta kafin wata kalma ta kuɓuce mini.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, na fito da shafukan da ashana, na ce, "Inna, na zo in mayar muku da amanarku. Ku yafe mini. Na rantse babu sunan kowa a ciki, amma duk da haka ƙonawa zan yi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Babu sunan kowa?"

"Babu, Inna. Na ƙarya ne, waɗanda kuka zaɓa."

"Ni me na ce ki sa?"

"Turai."

Sai ta ture tiren waken gefe, ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "'Yar nan, duk karatun naki iyakarsa ke nan? Ke kin ɗauka ƙirƙira muka yi?"

Ta ci gaba.

"Zakiya a Sawakin ta mutu, muna jiran jirgi, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku. Tana da takarda, ni ba ni da ita. Madugu ya ce a binne gawa, kada a binne takarda. Daga ranar na zama Zakiya. Da shi aka ɗaura mini aure, da shi aka yi mini iƙama, 'ya'yan da na haifa na binne ma da shi suka san ni. Shekara arba'in da biyu ina amsa kiran matacciya. Turai kuwa ubana Na'ibi ne ya raɗa mini a Gumel, ya yanka rago. Sai ga ki da littafi kina cewa wane suna zan sa. Me kike so in ce miki?"

Na ce, "Bashira fa?"

"Dela. Kowaccenmu haka. Wadda ba ta ɗauki takardar gawa ba, ta ɗauki sunan Larabawa don a daina juyowa ana kallonta. Mun yi maganar a tsakaninmu, muka ce yarinyar nan za ta kai can inda ake ajiye littafi ba ya ruɓewa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Yanzu haka a littafin jirgin da zai mayar da ita, Bashira za su rubuta. Ko gida za ta koma da sunan wata. Duk faɗin duniyar nan wuri ɗaya aka rubuta Dela, shi ne kika zo mini da ashana."

Na ce, "Inna, in an kama ku fa?"

Ta yi dariya har da tari. "Wa zai kama Turai? Turai ba ta taɓa shigowa ƙasar nan ba. Yalla, mayar da ashanarki. Karanta mini wurina."

Na karanta, ina juya mata da Hausa. Ta ce in koma farko inda sunan yake. Na koma. Ta ce in ƙara. Sau uku na karanta mata layin nan: Turai 'yar Na'ibi ta bar Gumel tana da shekara goma sha tara. A na ukun ta amsa a hankali, "Na'am."

Ni da na zo da taƙamar na rufa musu asiri, ashe su suka ɗora mini kaya ban sani ba. Wata shida ina shiga gidajensu da alƙalami, tambaya ɗaya ban yi ba.

Ban gaya mata zancen taswirar ba.

Litinin, 17 ga wata, bayan azahar

Na ce wa makaranta ba ni da lafiya. Ina sake bugawa daga farko. Na cire lambobin gidaje, na cire itaciyar masallaci, na cire sana'ar kowa da sunan unguwa. Sunayen na bar su. Wuyana kamar an ɗora mini turmi.

Talata, 18 ga wata, la'asar

Othman ya dawo da wuri, ya kawo sabon zaren na'ura ba tare da na sa shi ba. Na juya kwalin ina duba ko an taɓa buɗe shi. Ya gan ni. Ya fita alwala. Allah ya yafe mini in na zalunci mutumin nan.

Laraba, 19 ga wata, hantsi

Ambulan ya tafi. Da hannuna na liƙe, na riƙe shi a ƙarƙashin abaya har ƙofar gidan waya. Othman ya shiga da shi, ni na tsaya a bakin ƙofa ina kallon hannunsa har ma'aikaci ya buga tambari ya jefa a buhu. Ya fito ya miƙo mini rasit ya ce, "Kin gani da idonki?" Na ce na gani.

A hanya ya ce in sun amsa zai yi wa mai gidansa magana. Yau ne karo na farko da ya faɗa.

Na biya na gaya wa Inna. Ta tofa mini addu'a a ka, ta cusa mini dabino uku a hannu.

Alhamis, 20 ga wata

Na yi barci har rana ta fito.

Asabar, 22 ga wata, azahar

Ina makaranta aka yi. Sauda ce ta tare ni a bakin lungu, ita da ta yi kwana goma sha biyu ba ta amsa gaisuwata.

Masu kaki sun zo su biyu, suna bin ƙofa-ƙofa suna duba iƙama. Inna ta fito da tata daga lalita, lafiyayya, ba ta ƙare ba. Mai kakin ya riƙe, ya duba hoto, ya duba fuska, har ya miƙo zai mayar mata. Sai ya tambaye ta sunanta, irin tambayar nan da suke yi ba don suna son amsa ba.

Ta ce Turai.

Ya sake duba takardar ya ce, "Esh?" Sauda ta ce ta yi ta ƙifta mata ido, ta ce, "Hajiya Zakiya, rana ce ta buge ki." Inna ba ta ko dube ta ba. Ta ce, "Turai 'yar Na'ibi." Suka tafi da ita.

Na tambayi Sauda ko ruɗewa ta yi. Ta ce ba ta sani ba, wallahi, murya dai ba ta yi rawa ba. Na tambaye ta ko akwai wata takarda a hannun mutanen, mai zane. Ta ce ɗayan yana da wani abu a ninke a aljihun gaba, bai buɗe ba. Sannan ta tsaya ta dube ni. "Wane irin zane, Mastura?"

Na shige gida.

Shekara arba'in da biyu harshenta bai taɓa zamewa ba. Ni na karanta mata sunan sau uku. Gidanta kuwa shi ne na goma. Ko ta wace ƙofa abin ya shigo, ni na buɗe ta.

Lahadi, 23 ga wata, bayan asuba

Ba zan je makaranta ba. Ambulan yana can wata ƙasa, ba ni da hannun da zai dawo da shi, ba na ma so ya dawo. Taswirar kuwa ban san inda take ba, wataƙila tana aljihun mai kaki, wataƙila wani ya naɗe goro da ita tuni. Gida tara suka rage a cikinta, kuma masu gidajen ba su san an zana ƙofofinsu ba.

Zan shiga ɗaya bayan ɗaya in faɗa musu da bakina, kowacce ta nemi inda za ta fake. Bayan yau babu wadda za ta sake ba ni ruwan sha a unguwar nan, balle labari, alhali karatun shekara ukun da na nema a kansu na ce zan yi shi. In amsar ta zo da alheri ban san wa zan je in tambaya ba.

Othman ya ce in jira ya raka ni. Na ce a'a, ba da shi na zana ba. Zan fara da gida na ɗaya.